Muhawara: Mai albashi zai iya tara kuɗin kai ɗansa jami'ar kuɗi?

Malam Sabi'u: Jama'a, ana ta cewa duk ma'aikacin da ya fara tari tun yaro na goye zai iya kai shi irin su Jami'ar Amurka ta Najeriya (AUN) da ke Yola, ko Nile da Baze a Abuja. Ni ban yarda ba. Mu ƙaddara kuɗin makaranta da masauki miliyan 5 ne a shekara, shekara huɗu miliyan 20. Mai ɗaukar dubu 400 a wata, in ya matse ya ware dubu 50, shekara 15 zai haɗa miliyan 9. Ko rabi bai kai ba, kuma ɗa ɗaya ke nan, a gidan da ake da biyar ko shida.

Hajiya Rabi: Malam, lissafinka na wanda ya binne kuɗi a asusu ne. Wa ke tarin shekara 15 da tsabar naira? Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Miliyan 9 ɗin nan da ta kai dala dubu 19 da ɗoriya ta koma dala dubu 6. Amma wadda ta riƙa sayen zinare giram ɗaya, giram biyu duk ta kwashi adashe, ita ba ta yi wannan kuka ba. Sharaɗi dai a sayi wanda ba shi da ado da yawa, don ranar sayarwa ba a biyan kuɗin aiki, nauyi kawai ake aunawa. A kuma riƙe rasit.

Injiniya Auwal: Na bi bayan Hajiya, sai dai zinare a ɗaki yana kiran ɓarawo. Akwai Sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, na gwamnatin tarayya ga mai gudun riba, tun 2017 ake fitar da shi, ana shiga da dubu 10, ana biyan kuɗin haya duk wata shida. Matsalarsa, na farkon kashi 16.47 a shekara ya bayar, alhali hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Kuɗinka na ƙaruwa a takarda, yana raguwa a kasuwa.

Malam Sabi'u: To ka ga ka dawo kan maganata.

Alhaji Nasiru: Fili ne maganin abin. A saya a bayan gari yaro na firamare, a sayar yana aji shida na sakandare. Inda ake faɗuwa biyu ne: sayen filin da bai da takarda ko na gado da ba a raba ba, da jira sai takardar shiga jami'a ta fito sannan a nemi mai saye. Dillalai na jin ƙanshin matsuwa, sai su karya farashi. A sa shi kasuwa shekara guda kafin lokaci.

Malama Hauwa: Kada a manta da zakka. Zinare ko kuɗin da ya kai nisabi ya shekara, ana fitar da kashi 2.5 duk shekara, zakkar miliyan 20 ita ce dubu 500. Sannan abin da ya fi damuna: yaron da kuɗinsa ya yanke a aji uku. Bashin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na bai wa ɗalibai rance, da aka fara a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na jami'ar kuɗi ba ya ciki. In ya nemi komawa BUK ko ABU, ba lallai a karɓi duk darussan da ya yi ba, yana iya komawa baya. Wanda bai da kuɗin shekara uku a hannu kada ya fara.

Hajiya Rabi: Wannan na yarda. Amma ga mai ɗa ɗaya ko biyu da ya fara da wuri, ina nan a kan bakata, zai iya.

Malam Sabi'u: Hajiya, gida nawa ne a unguwarku ke da 'ya'ya biyu kacal?