Muhawara: Shin duk mai tura hoton tsiraici baƙin hali gare shi?

Malam Sani: Ni dai ina nan kan bakata. Masana halayyar ɗan Adam Paulhus da Williams sun ware baƙaƙen halaye uku tun 2002: ji da kai, makirci, da ƙeƙashewar zuciya. Binciken Morelli da abokan aikinta na 2021, a ƙasashe 11, ya nuna halayen nan suna tafiya da tura saƙon batsa. Mai turawa, akwai abin da ke ƙasa.

Dakta Halima: Malam, ka haɗa hatsi da tsakuwa. Binciken ya raba abin kashi-kashi. Tura hoton kai ya fi alaƙa da ji da kai da makirci. Amma turawa cikin maye ko ga baƙo, da yaɗa hoton mutum ba da izininsa ba, nan ne ƙeƙashewar zuciya ta fito tare da makirci. Yarinyar da aka yi ta ce wa "in kina sona ki turo" har ta gaji ta tura, da saurayin da ya watsa hoton a zauren WhatsApp ranar da suka ɓata, ba awo ɗaya za a yi musu ba.

Malam Sani: Amma ai alaƙar tana nan, Dakta.

Malam Bashir: Tana nan, sai dai a duba ma'aunin. Tambayoyi 12 ne a gajeren ma'aunin da binciken ya yi amfani da shi, huɗu ga kowane hali, kuma mutum ne ke ba kansa maki. Makiri zai amsa cewa shi makiri ne? Sannan lokaci ɗaya aka tambaye su, ba a bi su shekaru ba, don haka ba a san wanne ya haifi wanne ba.

Dakta Halima: Ga kuma yawan abin. Nazarin Mori na 2020 kan matasan da suka haura 18 ya samu kusan kashi 38 cikin 100 sun taɓa turawa, kashi 15 sun yaɗa na wani ba izini. Waɗannan 15 ɗin ne ke hana ni barci.

Hajiya Rabi: Ni ma. Ku gaya wa yara "gani sau ɗaya" na WhatsApp ba kariya ba ne, wata wayar za ta ɗauki hoton fuskar wayar. In an fara barazana, kada a biya ko sisi, a adana saƙonnin, a shiga shafin intanet na StopNCII mai taimakawa wajen hana yaɗa irin waɗannan hotuna. Hoton ba ya barin wayarki, lambar shaidarsa kawai ake aikawa su Facebook su toshe. 'Yan ƙasa da shekara 18 kuwa, su shiga shafin Take It Down.

Malam Sani: Na yarda a raba mai turawa da mai yaɗawa. Batun ji da kai kam ban sauka ba tukuna.