Me ya sa Intel ke riƙe da kasuwa duk da arahar AMD?

Auwalu: Assalamu alaikum. Tun da kamfanin AMD ya fitar da furosesarsa (wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta) mai suna Ryzen a shekarar 2017 ake cewa ya karya wa abokin hamayyarsa Intel farashi, amma har yanzu mafi yawan kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake sayarwa furosesar Intel ce a cikinsu. Idan araha ce ke jawo mai saye, me ya hana AMD ƙwace kasuwar?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam, Malam Auwalu. An karya farashin kam, domin Ryzen 7 1800X mai cibiyoyin sarrafawa 8 (sassan furosesa da kowanne ke iya gudanar da aiki da kansa) ya fito a kan dala 499, alhali Core i7-6900K na Intel mai cibiyoyi 8 yana sama da dala 1,000, kuma kafin shekarar ta ƙare Intel ya ƙara cibiyoyin i7 na talakawa daga 4 zuwa 6. Sai dai masu sayen furosesa ita kaɗai su haɗa kwamfuta da hannunsu kaɗan ne. Kasuwar tana hannun Dell da HP da Lenovo, waɗanda ke saye da yawa a kan yarjejeniya mai tsawo, kuma abin da suke dubawa shi ne wanda zai iya kawo musu kaya a kan lokaci tare da ragi na musamman. A kan irin wannan ragin ne Tarayyar Turai ta ci Intel tarar yuro biliyan 1.06 a 2009, ko da yake kotu ta soke tarar a 2022, kuma a 2009 ɗin Intel ya biya AMD dala biliyan 1.25 don sasanta ƙararrakin da ke tsakaninsu.

Hajiya Rabi: Ina ƙara wa bayanin Malam Sabo cewa araha ba ɗabi'ar AMD ba ce, matsayin wanda yake baya ne. A 2006, da Core 2 Duo na Intel ya fito ya fi Athlon 64 na AMD ƙarfi, dole ta sa AMD ya zaftare farashi, kuma hakan bai hana shi asarar kasuwa ba. Da ya wuce gaba a 2020, a lokacin da kamfanin TSMC na Taiwan ke ƙera masa furosesa a ma'aunin nanomita 7 (ƙanƙantar ma'aunin na nuna ci gaban fasahar ƙira) yayin da Intel ke fama da jinkirin nanomita 10, sai ya sayar da Ryzen 5 5600X a kan dala 299, ƙarin dala 50 a kan 3600X da ya gada.

Auwalu: Na gode, Hajiya. Ke nan a wurinmu lamarin ya fi jinkiri, tunda galibin abin da ke shigowa kasuwanninmu tokumbo ne daga ofisoshin Turai da Amurka, waɗanda aka saya shekaru da dama da suka wuce, lokacin da kamfanoni kusan ba sa sayen komai sai Intel.