Muhawara: A ware matan da suka dawo daga daji, ko a haɗa su da sauran 'yan gudun hijira?

Ɗan Gwoza: Jama'a, ra'ayina shi ne matan da sojoji ke kuɓutarwa daga hannun Boko Haram a dajin Sambisa a yi musu wuri daban, su da 'ya'yansu. Kun manta Dikwa? A Fabrairun 2016 'yan mata biyu suka kwana a sansanin 'yan gudun hijira na garin, da safe suka tayar da bam, mutum sama da 50 suka rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Maman Ummi: Malam, rabin labarin ka kawo. Su uku aka turo. Ta ukun ta fahimci danginta na cikin sansanin, ta ƙi tayar da nata. Ita ma fa daga dajin ta fito.

Ɗan Gwoza: Ɗaya cikin uku ke nan, Hajiya.

Malama: Ni dai, ka tambayi matan sansani wa suka fi tsoro. A 2016 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta rubuta labarin mata da 'yan mata 43 a sansanonin Maiduguri da aka yi wa fyaɗe ko aka yaudare su da abinci da alƙawarin aure. Masu laifin 'yan sanda ne da sojoji da 'yan kato-da-gora da shugabannin sansani, mutanen da aka ba amanarsu. Amma mun fi zargin yarinyar da aka sace tana ƙarama aka ɗaura mata aure dole.

Yaya Babba: Abin da ke min ciwo yaran ne. Uwa ta hana ɗanta wasa da ɗan maƙwabciyar da ta dawo daga daji, wai jinin ubansa zai biyo shi. Yaron da ko yaye ba a yi ba, me ya sani?

Ɗan Gwoza: Ban ce a tsane su ba, Yaya. A tantance su tukuna.

Malama: Wa zai tantance? Matan Knifar, ƙungiyar matan da ke neman a sako mazajensu, a wurin tantancewa aka raba su da mazajensu, aka kai mazan barikin Giwa, suka yi shekara da shekaru ba labari. Shi ya sa mace ke ɓoye inda ta fito.

Maman Ummi: Kuma tun 2021 Gwamna Zulum ya fara rufe sansanonin Maiduguri irin su Bakassi. Mutane sun koma Bama da Monguno, famfo ɗaya suke layi. A ina za ka ware su?

Ɗan Gwoza: To, a bar tantancewar ga bulamai da dattawan mata da suka san iyayen matan. Su dai zan iya yarda da shaidarsu.