Tiyon hita na yoyo a tsohuwar Corolla, wa ya taɓa fama da shi?

Mai Corolla, Agege: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Corolla ce ta 2005. Sati biyu ke nan kullum da safe sai na ƙara ruwa a lagireto, amma ƙasan motar ko ɗigo babu. Jiya a kan Gadar Third Mainland allurar zafin injin ta fara hawa, ga gosulo, ga ba wurin tsayawa, da ƙyar na lallaɓa na sauka Oworonshoki. Bakanike ya ce tiyon hita ne, wanda ke bayan injin ya shige ƙarƙashin dashbod, wai a canza ɗayan da ya tsage kawai. In yarda?

Direban Golf, Mile 12: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda. Tiyon hita biyu ne, ɗaya ya kai ruwan zafi, ɗaya ya dawo da shi, kuma rana ɗaya aka ɗaura su. Ni na yi wannan tsimin a Golf 3, na canza ɗaya, ba a yi wata ba ɗan'uwansa ya fashe ina ɗauke da kwandunan tumatir. Da aka kwance sai ga robar da ke gefen kan injin, inda tiyo ke shiga, ita ma ta bushe, da yatsa ta ɓare kamar biskit. Rashin ɗigo a ƙasa kuwa, ruwan kan injin mai zafi yake zuba ya ƙone. Ka haska tocila a bayan injin, za ka ga busasshen fari-fari ko ja-ja inda yake bi.

Tsohon Bakanike, Idi-Araba: Yaro, da safe kafin ka tada mota ka matsa kowane tiyo da hannu. Wanda ya yi laushi kamar burodi, ko ya kumbura kusa da kilif, ko ya ƙandare yana ƙaras-ƙaras, ya gama aiki. In ka je kasuwar kayan mota ta Ladipo, tokunbo, wato tsofaffin kayan da ake shigowa da su daga waje, na da kyau a ƙarfe, amma ban da roba. Tiyon da ya shekara 20 a Turai ba zai sabunta don ya hau jirgin ruwa ba. Sayi sabo, da sabon kilif. Ka duba bututun ƙarfen da tiyon ke hawa kuma. Abin da ya fi ɓata min rai ke nan: mutane na ɗura ruwan rijiya da fiya wata shekara da shekaru, tsatsa ta cinye bakin bututun, sai a ɗaura sabon tiyo a kan ruɓaɓɓen ƙarfe a ce bakanike bai iya ba. Ruwan kulan, wato wanda aka yi musamman don sanyaya injin, yana da maganin tsatsa, ruwan famfo ba shi da shi.

Hajiya mai Camry, Obalende: Ni tawa a cikin mota ta nuna. Kafet ɗin gefen mai zaman banza kullum a jiƙe, ga wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, gilashi na yin hazo daga ciki. Ashe ƙaramin lagireton hitar ne ya huje. Aka ce sai an sauke dashbod, na ce a'a, a haɗa tiyon biyu a zagaye hitar. Shekara biyu ke nan lafiya lau. Wa ke neman hita a Legas?

Direban Golf, Mile 12: Hajiya, da damina ana nemanta. Ranar da ruwa ya tsuge da asuba gilashi ya rufe, hita ke share shi da sauri.

Tsohon Bakanike, Idi-Araba: Zagayewar ba ta cutar da injin, matuƙar tiyon bai lanƙwashe ya shaƙe ba. Cire tamostat, abin da ke daidaita zafin injin, shi ne ban yarda da shi ba, ko wa ya ce maka Legas zafi gare ta. In an gama canza tiyon, a bar motar tana aiki, a kunna hita, iskar da ta maƙale a hanyar ruwan ta fita, a sake cika ruwa bayan ta huce. Kada ka kusanci murfin lagireto da zafi, akwai tabo a hannuna har yau. Tsohon kulan kuma a kawar da shi, guba ne, kuma zaƙinsa na jan yara da dabbobi.

Mai Corolla, Agege: Na gode Baba, na gode kowa. Yau na tsaya a gareji aka kwance a gabana. Tiyon na biyu ma ya kumbura, bakin bututun ya yi tsatsa amma bai huje ba, aka goge shi da sanfefa. An canza biyun, an zuba kulan. Na je Ikeja na dawo, allura ba ta wuce tsakiya ba. Gobe da safe zan sake duba ruwan.