Tarakta ta ƙi tashi kuma batir sabo ne, ku taimaka

Manomin_Fadama:
Salam jama'a. Don Allah masu sanin harkar wutar mota a ba ni shawara. Massey Ferguson 375 ce, in na murɗa makulli sai dai ka ji ƙas ƙas, wani lokacin kik ɗin, wato na'urar da ke tayar da inji, ya juya a hankali fitilun gaba su dushe. Batirin sabo ne, an gwada da mitar auna wuta ya nuna volt 12.6. Wani ya ce in sayi sabon kik, ga damina ta kankama ga masu jiran a yi musu haro, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne.

Oga_Rewaya:
Wslm Alhaji kar ka sayi komai tukuna. Bi wayar negetif ɗin daga kan batir har inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfe, wato at ɗinka. Mutane fozitif kawai suke dubawa, alhali wutar da ta fita ta jikin injin da bodi take komawa batir, kuma kik na dizal yana jan amfiya ɗaruruwa lokacin tayarwa, to in wajen nan ya yi tsatsa ko notin ya saki wutar ba za ta wuce yadda ya kamata ba ko batir ɗin daga kwali aka ciro shi. Kwance ta, ka goge kan wayar da wurin zamanta da sanfefa har ƙarfen ya yi fari, in da fenti a kankare, a ɗaure tam sannan a shafa giris ta sama. Negetif ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe.

Ɗan_Gwarzo:
Gaskiyar oga ne. In kana son tabbatarwa ɗauki wayar jam guda ɗaya, ka maƙala daga negetif na batir zuwa jikin injin inda ba fenti ka kunna. In ta tashi garau to at ne. Ka tabbata tana firi, wato ba ta cikin giya, kafin nan fa.

Malam_Injiniya:
Ƙari kaɗan. Mitar nan da ta nuna 12.6 ba a kan lodi ta auna ba, wato ba lokacin da kik ke jan wuta ba, shi ya sa ta ruɗe ku. Sa baƙin tsinken a kan negetif na batir, jan a jikin kik, wani ya murɗa makulli. In mitar ta haura volt 0.5 akwai matsala a hanyar. Kuma a duba cikin wayar kanta, sau da yawa robar lafiya lau amma in ka yanka bakinta za ka ga jan ƙarfen ya koma kore yana marmashewa, irin wannan gogewa ba ta yi sai canji. Tarakta ta fi mota saurin kamuwa saboda laka da jijjiga, balle in ana ɗaukar taki da ita, takin zamani cin ƙarfe yake sosai.

Manomin_Fadama:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Oga in canjin ya kama, wace irin waya zan nema?

Oga_Rewaya:
Mai kaurin ta asali ko wadda ta fi, ta jan ƙarfe zalla, kar ka yarda a ba ka siririya ta ƙaramar mota don zafi za ta yi. Ka tafi kasuwa da tsohuwar a hannu a gwada tsayin.