Wai harshe uku ne ya hana ɗana magana?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, raina a ɓace yake. Ɗana shekararsa 3 da rabi. Ni Hausa nake yi masa, babansa Fulatanci, a makaranta kuma Turanci. An yi masa gwajin magana da Turanci zalla, aka nuna masa hotuna ya kasa faɗin sunayensu, sai malamar ta rubuta wai yana da jinkirin magana, mu bar shi da harshe ɗaya. Yaron da yake wuni yana cika min kunne da surutu! Wallahi wannan jahilci ne.

Malamar Raino: Wa alaikumus salam. Jahilci fa kika ce, Hajiya? Mace ta yi karatunta, tun safe tana fama da 'ya'yan mutane, don ta faɗi abin da ta gani sai ta zama jahila?

Baban Yara: Malama, aikin ta kira jahilci, ba mai aikin ba.

Malamar Raino: Wa ya yi aikin, Alhaji? Aljani?

Yaya Babba: Ku dakata. Gwajin ne bai cika ba. Yaro mai harsuna da yawa kalmominsa a rarrabe suke, wata ya san ta da Hausa, wata da Fulatanci. Sai an haɗa duka ake ƙirgawa. A 1993 Barbara Pearson da abokan aikinta sun yi haka a Miami ta Amurka da yara masu Sifaniyanci da Turanci, da aka haɗa sai ga shi sun yi daidai da masu harshe ɗaya. Matsalar gaske kuwa a kowane harshe take fitowa, ba a Turanci kaɗai ba. Ƙanwata, yana haɗa jimla da Hausa? Yana gane aike? An taɓa duba jinsa? Idan ya wuce shekara 2 bai fara haɗa kalma biyu ba a kowane harshe, nan ne ake neman masanin magana.

Malamar Raino: Duk na ji, amma ta janye kalmar tukuna.

Inna Wuro: Ni abin da ya tsaya min a rai, in aka ce a bar harshe ɗaya, Fulatancin za a fara yarwa. Kullum haka ne. Matan da ba sa jin Fulatanci su ke kashe mana shi a gidajen 'ya'yanmu.

Maman Biyu: Haba Inna, ni da nake tsaye kan ubansa ya riƙa yi masa? Wannan ba adalci ba ne.

Baban Yara: Inna, ubannin fa? Mutum ya dawo dare yaro ya yi barci, a bakin wa zai ji?

Inna Wuro: Kai kana jin Fulatancin ne da za ka sa baki?

Malamar Raino: Har yanzu ba ta janye ba.

Maman Biyu: Ba zan janye ba. Yaya, jimla kam yana haɗawa, sai dai yana gauraya harsunan.

Yaya Babba: Gaurayawa ba ciwo ba ce, mu ma manya muna yi. Ki nemi a sake gwajin kina wurin.

Mai Kula da Zaure: To, na rufe zancen nan. Abin da na fahimta, akasarinmu mun yarda an ci mutuncin malamai, kuma ya kamata Maman Biyu ta je ta ba malamar haƙuri. Ni ma da alli nake ci, na san abin da muke gani a hannun iyaye. Maganar Fulatanci a buɗe mata wani zauren.