Neman shawara: tun da aka yi wa Inna aikin maƙoƙo hannunta ke ƙandarewa

Mai neman shawara, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku taimaka mini da shawara a kan mahaifiyata. Makon jiya aka yi mata aikin maƙoƙo, aka cire shi gaba ɗaya, aka sallame mu lafiya lau. Tun shekaranjiya take cewa leɓɓanta da kan yatsunta kamar ana tsira mata allura. Yau da asuba tana alwala sai hannun dama ya ƙandare, babban yatsa ya shige cikin tafin hannu, sauran suka haɗe wuri guda, buta ta suɓuce mata. Mun daɗe muna murzawa kafin ya saki. An ba mu wasu manyan ƙwayoyi farare aka ce na kalsiyam ne, amma ta daina sha don suna hana ta bayan gida, ta ce ai fura da nonon da take sha kullum sun isa. Gwaggonmu ta ce iska ce, wani maƙwabci kuma ya ce farkon shanyewar ɓarin jiki ne. Ranar komawarmu asibiti sai mako mai zuwa. Mu jira ko yaya?

Uwargida, Arkilla:
Subhanallahi. Allah shi ba ta lahiya ɗiyata. Ku yi ta tohwa mata addu'a, amma hwa kak ku zamna gida da wagga lalura.

Ma'aikaciyar jinya:
Ƙanwata, kada ku jira ranar nan. Yau ɗin nan za ku kai ta, ko inda aka yi aikin ko sashen gaggawa na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Kina shiga ki ce an cire mata maƙoƙo makon jiya kuma hannunta na ƙandarewa, za su san jinin da za su ɗiba. Ki tafi da takardar sallama da duk magungunanta a leda. Abin da ya sa nake matsa miki: yadda hannun ya ƙandare haka maƙogwaro ma ke iya shaƙewa, ko jijjiga ta kama mutum. In kin ji numfashinta na fita da ƙara, ko da tsakar dare ne ku fita.

Likita, Gawon Nama:
Abin da Sista ta faɗa shi ne na farko. Ba zan iya yanke hukunci ban ga Inna ba, amma yadda kika siffanta hannun nan ya yi kama ƙwarai da faɗuwar kalsiyam a jini, kuma sananne ne bayan irin wannan aikin. Bari in yi bayani don ki samu abin da za ki lallashe ta da shi.

A bayan tayiroyid, wato abin da ke kumbura ya zama maƙoƙo, akwai wasu 'yan ƙullutai guda huɗu manne da shi, kowane tsawonsa kamar milimita 6. Sunansu faratayiroyid. Aikinsu guda ɗaya ne: tsare kalsiyam na jini kada ya fita daga tsakanin 2.1 da 2.6 a ma'aunin mmol/L da za ki gani a takardar gwaji. A jikinsu akwai abin da ke ɗanɗana jinin da ke ratsa su dare da rana. Da kalsiyam ya ɗan yi ƙasa, nan take sai su saki sinadarin PTH. Shi kuma wuri uku yake bi. Ya je ƙashi, wanda shi ne rumbun jiki, don kashi 99 cikin 100 na kalsiyam can yake ajiye da haƙora, ya sa a ɗebo. Ya je ƙoda ya hana ta zubar da kalsiyam a fitsari, ta zubar da wani sinadarin jini mai suna fosfet a madadinsa. Sannan ya sa ƙodar ta mayar da bitamin D mai aiki, wanda da shi ne hanji ke iya tsotsar kalsiyam daga abinci. Da jinin ya cika sai ƙullutan su ji, su rage sakin PTH. Shi kuwa PTH mintoci kaɗan yake yi a jini ya ɓace, shi ya sa in suka tsaya da aiki ba a daɗewa abin ke bayyana.

To a wajen cire maƙoƙo, ko da a hannun gwani ne, jijiyoyin jinin da ke ciyar da su sirara ne, suna iya taɓuwa, sai ƙullutan su yi suma na ɗan lokaci. Kalsiyam kuma shi ke kwantar da jijiyoyin da ke kai saƙo ga tsoka. In ya yi ƙasa sai su dinga motsa tsoka ba da izinin mai jiki ba. Shanyewar ɓarin jiki galibi rauni take kawowa a gefe guda, hannu ya saki, baki ya karkace. Na Inna ɗaurewa yake yi.

Mai neman shawara:
Na gode Likita, Allah ya saka. Yayana ya tafi neman mota. Amma nonon fa? Kuma in bitamin D ne, ai ranar Sakkwato kaɗai ta ishi mutum, ko in sayo mata a kemis?

Likita:
Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Wanda rana ke samarwa a fata, da wanda ake sayarwa barkatai a kemis, sai ya bi ta hanta sannan ƙoda ta ƙarasa shi, kuma ƙodar PTH take jira. In babu shi, rana ko ta watan Afirilu ce ba za ta wadatar ba. Shi ya sa muke rubuta wanda ba ya jiran ƙoda ta ƙarasa shi, kalsitiriyol ko alfakalsidol. Nono abinci ne mai kyau, haka zogale da kuka da riɗi, ta ci abinta. Sai dai nono na ɗauke da fosfet mai yawa, ƙodar da ba ta samun PTH kuwa riƙe fosfet take yi. Ba zai maye gurbin ƙwayar ba.

Kuma don Allah kada ku ƙara mata adadi da kanku don kun tsorata. Tunda ƙodarta ba ta riƙe kalsiyam yanzu, in ya yi yawa fitsari yake bi, ya haifar da tsakuwar ƙoda. Da gwaji ake daidaita shi. Ki roƙa a duba magniziyam ma, shi ma wani sinadari ne a jini, don in ya yi ƙasa sosai ƙullutan ba sa iya sakin PTH ko da lafiyarsu ƙalau.

Wata 'yar'uwa, Runjin Sambo:
Ni ma an yi mini wanga aiki, kuma na sha irin wagga wahala. Abin da ba zan manta ba, likitana ya ce kada in haɗa ƙwayar kalsiyam da ƙaramar ƙwayar tayiroyid ta safe, wadda ke maye gurbin aikin tayiroyid ɗin da aka cire, don tana hana ta shiga jiki. Ƙaramar nakan sha da asuba ciki ba komai, in bar awa huɗu, sannan in sha babbar a tsakiyar cin abinci. Maganar bayan gida kuwa gaskiyar Inna ce, yana yi. Ruwa da yawa da ganye suka taimake ni, kuma ku faɗa wa likita, yana iya sauya mata wani iri. Ki bi ta a hankali, tsofaffinmu ba su son a yi musu dole.

Malami, Wamakko:
Allah ya ƙara sauƙi. Likita, shin haka za ta yi ta shan magani har abada? Ga azumi kuma, Hajiya ba za ta so ya wuce ta ba.

Likita:
Malam, akasari ƙullutan kan farfaɗo cikin 'yan makonni, a riƙa rage maganin sannu a hankali ana bin gwaji har a daina. Sai an wuce wata 6 zuwa shekara ba su dawo ba ake ɗaukar abin a matsayin mai ɗorewa. Ƙwayar tayiroyid dai ita ce ta dindindin tunda an cire shi duka. Azumi kuwa ya danganta da yadda jininta ya zauna lokacin. A tambayi likitan da ke bin ta tun kafin wata ya tsaya, ya ga ko maganin zai rabu tsakanin buɗa-baki da sahur.

Mai neman shawara:
Mun iso, an ɗebi jinin, an ce za a sa mata kalsiyam ta jijiya kafin sakamako ya gama fitowa, kuma yau a nan za mu kwana. Ku sa ta a addu'a.